Warin Kananzir a Tankin Alhaji

Alhaji Mudathir, dillalin shanu a Zongo, ya iso komisariya, ofishin 'yan sanda, yana jan direbansa Ƙasimu da wuyan riga. Leɓen Ƙasimu a fashe yake. A wasu gidajen hukunci yakan riga bincike isowa.

"Ɓarawo ne, Sufeto, a rufe shi! Takardar kamfani ta ce motata lita shida ta gazuwal, wato man dizal, take sha a kilomita ɗari. A hannunsa sha biyu take sha."

Sufeto Abdoulaye ya ce, "Wanda ya rubuta takardar ya taɓa maƙalewa a cunkoson gadar Akpakpa da tsakar rana?"

Ya fita ya duba motar. Tayoyi sun yi laushi, bayanta danƙare da buhunan dusa.

Ya tambayi Ƙasimu, "Kana kashe inji idan kun tsaya?"

"Ranka ya daɗe, ko ciniki Alhaji ya sauka yi, na'urar sanyi a kunne take, kar kujera ta yi zafi."

"To, rabin ɓarayin ke nan. Saura ɗaya."

Ya buɗe tanki, ya tsoma kara, ya shinshina. Kananzir.

"Wa ke riƙe makulli ban da kai?"

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Alhaji ya amsa, "Ƙanena Kamaludeen. Shi ke wanke ta ranar Juma'a, muna masallaci."

Suka iske Kamaludeen a shagonsa na unguwar Saint-Michel, injin niƙa yana ta ruri. Ya rantse ko murfin tankin bai taɓa taɓawa ba. A bayan injin kuwa ga tiyo, ga jarkokin kananzir.

"Na fitila ne, Yallaɓai."

"Ga lantarki a kanka. Fitilar wa?"

Kamaludeen ya ga ba mafita. "Nakan zuƙi gazuwal don injina, in cike gurbin da kananzir, kar allurar mai ta sauka."

"Motar kuma ta rasa ƙarfi, ta ƙara sha, a daki direba."

Muryar Alhaji ta yi ƙasa. "Sufeto, maganar gida ce. A rufa asiri."

"Da safe da ka jawo direba ai ta hukuma ce." Sufeto ya danna wa Kamaludeen ankwa. "Kai ma biyo mu, Alhaji. Akwai maganar leɓe."

Ƙasimu ya ajiye makulli a kan motar, ya tare zemijan, babur ɗin haya, bai waiwayo ba.