Yahuza da Albashin Fari

Da la'asar, a zauren Malam Haruna da ke Gangara, Yahuza ya shimfiɗa wata ƴar takarda bisa gwiwarsa, ya gyara murya kamar mai shirin karanta wa aji darasi. Kakar shekarar 1965 ce. Kwanansa tara da dawowa daga makarantar horar da malamai ta Damagaram, da difilom a hannu da takardar da ta tura shi koyarwa a Belbeji. Zalika, ɗiyar mai gidan, wadda ya shekara uku yana nema, tana gefen tabarma tana saƙar faifai.

— Ki saurara da kyau, in ji Yahuza. Albashina jika goma sha biyar ne a wata. Hayar ɗaki jika ɗaya, abinci uku, ruwa ɗaya...

— Ruwa! Zalika ta katse shi tana dariya. Har ruwa ma sai ka saya, Mushe malamin makaranta?

— Rijiyar can gaba talatin ce, ba zan bar yara a aji in tafi jan guga ba. Kananzir da sabulu da sukari, ɗaya. Gida zan riƙa aika biyu. Saura bakwai, in ajiye.

— To ni a wane layi ka rubuta ni? Tsakanin sabulu da kananzir?

— Ke ce bakwai ɗin nan duka, Zalika.

Ta sunkuyar da kai. Ana haka sai ga Malam Haruna ya shigo daga gona. Yahuza ya durƙusa ya gaishe shi, Zalika ta tashi ta shige cikin gida.

— Na ji ƙarshen lissafinka, in ji dattijon. Ni manomi ne, ban san takarda ba. Ba na ba da ɗiyata ga mutumin da ke awon hatsi tiya-tiya a kasuwa, ko wanda ake binsa bashi. Na ba ka shekara guda. Kaka mai zuwa in ga rumbunka da hatsin shekara, da kuɗin aure jika arba'in, kuma babu mai binka ko dala. Sa'an nan Baffanka ya zo mu yi magana irin ta manya.

— Na yarda, Baba. In Allah ya so ba zan ba ku kunya ba.

Abin da Yahuza bai rubuta a takardarsa ba shi ne, sabon ma'aikaci ba ya ganin albashi sai takardunsa sun je Yamai sun dawo. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shiru. Attahir mai kanti, wanda ya ba shi hayar ɗaki, shi ya ɗauki nauyin cinsa da shansa, yana rubutawa a littafi. Wata shida cur Yahuza yana koyar da yara da farar riga a guge, alhali ko allurar da ya ɗinke ta ta bashi ce. Bai gaya wa kowa a gida ba. Kunya yake ji a ce mushe guda yana cin bashi.

Da bazara ta kama aka kira shi Tanut, aka ƙirga masa rafel, wato albashin watanni shidan nan gaba ɗaya: jika casa'in. Talatin da shida na Attahir ne. A ransa ya riga ya raba sauran. Ya ce bari ya biya ta Gangara ya kai wa iyaye albashin fari, kamar yadda al'ada ta tanada, su sa masa albarka. Niyyarsa ya ba su jika goma sha biyar, na wata guda.

Amma labari ya riga shi isa. Ya tarar da zauren gidansu cike maƙil. Baffa Sule, ƙanen mahaifinsa marigayi, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan shekara biyar, yana zaune a tsakiya, ga liman, ga dattawan unguwa, ga maroƙi a bakin ƙofa yana ta kirari. Yahuza ya zaro ambulan daga aljihu zai cire kason da ya yi niyya, sai Baffa Sule ya miƙo hannu.

— Kawo nan, ɗana. Ba a ƙirga albashin fari a gaban iyaye.

— Baffa, ai na wata shida ne aka haɗa...

— Shi aka fara damƙa maka ko ba shi ba?

— Shi ne, Baffa.

— To shi ne na fari! Ko kuwa, jama'a?

Zaure ya amsa baki ɗaya. Yahuza ya dubi fuskokin mutane. Kalma guda ce za ta cece shi, ya ce ana binsa bashi. Ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta. Ya miƙa ambulan.

Yana zaune yana kallo aka raba. Aka ba liman, aka ba maroƙi, aka aika wa gwaggwanni, aka ware na ragon sadaka da na harajin gidan. Abin da ya rage, mai yawan, Baffa Sule ya naɗe ya tura aljihu, ya ce da shi za a yi auren ɗansa Musa, tun da wa da ƙane abu guda ne. Daga ƙarshe ya zaro jika ɗaya ya ba Yahuza.

— Ga na mota. Allah ya yi maka albarka!

A cikin gida ya sami mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tana tankaɗe. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Ta dube shi sau ɗaya ta gane.

— Kai, me ya same ka?

— Inna, na kashe kaina da hannuna.

Ya faɗa mata komai. Ta ajiye rariya, hawaye na zuba.

— Me ya hana ka magana? Ranar da mai gari ya nemi yaron da za a kai lakwal, makarantar boko, Baffanka nasa ɗan ya ɓoye a rumbu, ya miƙa ka don ba ka da uba. Yau kuma shi ne mai cewa ya yi maka gata. Amma ni mace ce a gidansa, me zan ce?

Kafin ya koma ya biya wajen Zalika. Ta saurare shi har ya gama, ba ta motsa ba.

— Jika casa'in, Yahuza! Ka ba su har da na mutumin da ya ciyar da kai?

— Kunya ce ta kama ni.

— Kunyar wa? Ni da nake jiranka shekara uku, ba ka ji kunyata ba? Ta fashe da kuka. Ba kuɗin nake yi wa kuka ba, wallahi. Tsoro nake ji kowane wata haka za a yi, har in tsufa a ɗakin innata. Ka gaya musu abin da kake iyawa da abin da ba ka iyawa. In ba za ka iya faɗa ba, ka gaya mini yanzu in sani.

Ya tashi ya tafi.

A Belbeji Attahir bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya rufe littafinsa a hankali.

— Mushe, na ji an yi rawa a Gangara da kuɗina. Ba komai. Amma daga yau sai da kuɗi hannu.

Ƙarshen watan, ranar kasuwa, sai ga Baffa Sule a ƙofar ɗakin. Kuɗin auren Musa bai isa ba, jika goma yake so. Yahuza ya ba shi ruwa, ya durƙusa. Wannan karon ya buɗe baki. Ya faɗi bashin, ya faɗi sharaɗin Malam Haruna, ya ajiye jika biyu bisa tabarma.

— Baffa, wannan nake iyawa. Kowane wata zai zo muku, ba fashi, in ina raye. Fiye da haka kuwa ba ni da shi.

Baffa Sule ya miƙe tsaye, ya shure kuɗin da ƙafa.

— Ni za ka yi wa awo? Ni da na yi maka kaciya, na ɗinka maka wandon fari? Don ɗiyar Haruna! To ka ji: ƙafata ba za ta taka zaurensa don nema maka aure ba. Ka nemi wani uban. Kuma kada in ƙara ganinka a gidana!

Ya fita. Yahuza ya tsince kuɗin daga ƙasa, ya zauna ya dafe kai. In ya ba da, babu rumbu, babu kuɗin aure. Da ya hana, ga shi babu wanda zai nema masa auren. Ta kowace hanya Zalika ta yi masa nisa.

Duk da haka bai fasa ba. Washegari ya auni hatsi na jika biyun, ya ba direban motar kasuwa ya kai Gangara. Aka ce Baffa ya rantse ba zai ci ba. Wata na gaba ya sake aikawa. Jika bakwai kuma kowane wata suna tafiya littafin Attahir.

Da aka ba da hutun damina, sauran malamai suka tafi garuruwansu, shi ba shi da inda za shi. Ya ari wata ƴar gona a bayan gari, ya ɗauki hauya da hannuwan da suka saba da alli, suka yi kanta suka fashe. Sau ɗaya yake cin abinci a yini. Ya daina shan shayi. Ya sayar da agogonsa, takalminsa ya tsage ya ɗaure da waya. Labarin da ke zuwa daga gida kuwa babu mai daɗi: an ce boko ya cinye masa zuciya, ya kori uban da ya riƙe shi. An ce mata na yi wa Zalika habaici a bakin rijiya, suna tambayarta ko mushen nata ya auno mata gaisuwa da tiya. An ce wani falke daga Tarka ya aiko neman aurenta, ta ce a'a, ubanta ya ce ba zai tilasta ta ba, amma shekarar da ya ɗiba ba zai ƙara mata kwana ba. Sau da yawa Yahuza yakan tsaya a tsakiyar gona ya tambayi kansa ko wahalar nan tana da amfani, tun da ko ya biya bashin, kaka za ta same shi hannu wofi.

A Gangara kuwa damina ta yi tsanani. Rumbun Baffa Sule ya ƙare tun farkon ruwa, domin bikin Musa ya cinye rabinsa. Waɗanda suka ci rabon rafel babu wanda ya leƙo. Abin da ake dakawa a gidan, wata bayan wata, hatsin nan ne da ke sauka daga motar kasuwa. Wata rana Baffa Sule yana cin tuwo ya tambayi inda aka samo. Inna Tabawa ta amsa daga bayan zana:

— Awon da ka shure ne, Malam. Wata uku ke nan shi kake ci.

Baffa Sule bai ture akushin ba.

Kaka ta yi. Yahuza ya biya Attahir dalar ƙarshe, ya ɗaure dami ashirin da uku a gonar aro. Kuɗin aure kuwa jika uku kaɗai ke hannunsa. Ya tafi Gangara don ya gaya wa Malam Haruna da bakinsa cewa ya gaza. A soron waje ya haɗu da Zalika, ta rame, shi ma ya rame. Ta dubi takalminsa ta kau da kai tana share ido.

— Na faɗa musu, Zalika, kamar yadda kika ce. Amma ban cika ba.

— Na sani. Shiga, ana jiranka.

Da ya shiga zaure sai ya tsaya cak. Baffa Sule ne zaune gaban Malam Haruna, ya cire hula ya riƙe a hannu.

— Zauna, in ji Malam Haruna. Nawa ake binka?

— Ko dala, Baba.

— Rumbu fa?

— Dami ashirin da uku. Kuɗin aure kuwa babu. Na gaza, Baba.

— Ba shi ya gaza ba, Baffa Sule ya karɓe. Haruna, ni na ci kuɗin auren yaron nan, a gaban jama'a na ci, ina ganin haƙƙina ne. Na kore shi, shi kuma ya ciyar da gidana damina guda. Daga gonata zan cika masa rumbu, kuma ba kyauta ba ce, biya ne. Sauran kuwa, na zo roƙo. Ka ƙara masa lokaci.

Malam Haruna ya shafa gemu.

— Na ce shekara guda, kuma ba na son magana biyu. Amma abin da nake tsoro tun farko shi ne in ba da ɗiyata ga mutumin da aljihunsa ba shi da ƙofa. Wanda ya iya ce wa Sule ga iyakata, bai kuma yanke masa abinci ba, zai iya riƙe gida. Na ƙara wata shida. Ko kwana ɗaya ba zan ɗora ba.

Daga bayan ƙofa aka ji kukan Zalika, sai kuma guɗar innarta ta rufe shi.

Wata shida suka isa, domin jika bakwai ɗin yanzu nasa ne. Da bazara aka ɗaura aure, ba rago, ba maroƙi, goro da dabino kawai. Baffa Sule ne ya karɓa wa Yahuza auren.

Ya ku samari masu fitowa daga makaranta, shekarar fari ta aiki ita ce mafi wuya, kuma ba ƙarancin albashi ne ke karya mutum a cikinta ba, kunyar faɗin gaskiya ce. Ku ba iyaye haƙƙinsu, ku kuma gaya musu iyakar ƙarfinku tun ranar farko, da ladabi, sa'an nan ku cika abin da kuka faɗa. Kalma guda da Yahuza ya haɗiye a zaure ta jawo masa shekara guda ta yunwa da hawaye, kuma saura kaɗan ta raba shi da Zalika. Haƙurinsa da nata ne suka fanshe su, da taimakon Allah.