Kafso Biyar a Cikin Safa

Akwai wata yarinya mai yawan tunane-tunane. Ko shara aka sa ta, sai ka gan ta rungume da tsintsiya tana kallon gajimare. Babban burinta ta ga raƙumin dawa. Saura mako biyu malamarsu ta kai su gidan namun daji, sai ciwon kunne ya kama ta.

Likita ya rubuta mata kafso, rabi ja rabi rawaya.

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, har kwana bakwai," in ji shi. "Ki ci abinci, ki sha ruwa sosai, ki huta."

A idonta, kafson nan ƙananan jiragen ruwa ne. Kowane jirgi cike yake da masu shara, suna tafiya can cikin kunnenta suna share cuta.

Bayan kwana uku ciwo ya lafa. Sai tausayin masu sharar ya kama ta. "Bayin Allah, sun gaji," ta ce a ranta. Daga nan in Mama ta miƙo mata magani, sai ta yi kamar ta haɗiye, ta ɓoye shi a tsohuwar safa.

A rana ta shida ciwon kunnen ya sake tashi, har da zazzaɓi. Tana kuka ta ɗauko safar ta nuna wa Mama kafso biyar da ke ciki.

"Haba 'yar nan!" in ji Mama. "Sa takalminki, mu koma asibiti."

Ta ba likita labarin masu sharar da ta tausaya wa. Ya leƙa kunnen, ya girgiza kai.

"Kin sallami masu sharar ba su gama aiki ba. Ƙwayoyin cutar da suka rage sun sake yaɗuwa."

"To in shanye biyar ɗin yanzu?"

"A'a, zai cutar da ke. Kada kuma ki ba wani. Sabon magani zan rubuta."

"Zan ga raƙumin dawa kuwa?"

"Sai in kin warke."

Hankalinta ya tashi. Kwana bakwai ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ci, ta sha ruwa, ta yi barci.

Ranar tafiya ta tsaya a gaban raƙumin dawa, ta ɗaga kai har wuyanta ya gaji. Ya sunkuyo yana tauna ganye, ƙaras-ƙaras, ta ji da kunnuwanta biyu.

"Malama," ta ce, "saura kaɗan in rasa wannan. Daga yau, yadda likita ya ce a sha magani, haka zan sha har ya ƙare."