Kwamfutar Baban Rauda

Ranar kasuwar Malanville Rauda ta shigo shagon gyaran Zayyad rungume da tsohuwar kwamfutar babanta. Ya ɗago kai, abin da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Ta tsuhwa, sabon Windows ba ya hawa kanta," ya ce da ya dawo hayyacinsa. "Amma tana ɗaukar madadinsa, Linux, kuma kyauta na."

"Sai ka hwaɗa ma Baba," ta ce tana dariya.

Ba a yi gyara ranar ba, amma an yi musayar lamba, kuma kafin wata ya mutu so ya kama su ƙam.

Babanta, Alhaji Na-Allah, babban mai sayar da garin rogo, ya ji labari ya hau sama. "Kyauta? Yaron da ka son kayan kyauta, ɗiyata ma kyauta za shi nema!"

Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Hotunan marigayiya Mairo, mahaifiyar Rauda, duk suna cikin kwamfutar. Nura kuwa, ɗan kasuwar Kamba da ke son Rauda, ya raɗa wa Alhaji wai Linux share komai yake, ya kuma yi alkawarin sabuwar kwamfuta mai Windows.

"Zayyadina, Baba ya ce in hita harkarka. Na kasa cin komi," ta rubuto.

"Tauraruwata, ni ma haka. Mi za mu yi?"

"Baba bai taɓa sayen buhun gari bai ɗanɗana ba. Linux ɗinka ba a ɗanɗana shi?"

Washegari Zayyad ya durƙusa gaban Alhaji da ɗan kile, wato filashin USB, a hannu. Ya soka shi a kwamfutar, Linux ya tashi daga cikinsa, ya buɗe hotuna. Ga Mairo tana murmushi a bakin kogi. Alhaji ya ƙura wa hoton ido.

Zayyad ya zare kilen, Windows ya dawo yadda aka bar shi.

"Ba ka taɓa min komi ba?"

"Ba ka ba ni izini ba, Baba."

Alhaji ya share ido da hannun riga. "Aje hotunan wuri guda, ka sa ma kwamfutar abinka. Ka turo manyanka. Amma ɗiyata ba kyauta ta ba!"

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Hoton ango da amarya, Alhaji da kansa ya ajiye shi cikin kwamfutar kusa da na Mairo, yana cewa, "Allah shi yi muku albarka."