Kusoshi Huɗu a Jikin Kwali

Da hantsi Gwaggo ta kai ƙara caji ofis, wai an yi sata a motar marigayi mijinta. Ba motar aka ɗauke ba, wata 'yar tagulla ce da ba ta kai tafin hannu ba.

Sufeto ya so yin dariya, amma da ya bi ta gida ya shiga garejin da motar take sai ya haɗiye ta. Mota ce doguwa, baƙa wuluk, an ƙera ta tun kafin yaƙin duniya na biyu, irinta goma sha ɗaya ce kacal. Shekara arba'in tana rumfa kaji na yin ƙwai a kujerunta, kafin tsohon makanike Gwani ya kwashe shekara bakwai yana tayar da ita.

"Lambar kamfani ce a jikin tagullar," in ji surukin Gwaggo. "Jibi masani zai gwada ta da littafin kamfani, sannan mai saye ya sa motar a jirgi. In babu lamba, ba ta da uba. Mai Fenti da ke mana aiki a nan za ka kama, Yallaɓai. Ni na san motar nan ciki da waje."

"To buɗe mini bonet."

Suruki ya je gaba yana ta kokawa har gumi ya karyo masa. Gwani ya matso shiru, ya ɗaga ta gefe, ta naɗe kamar fiffike. Sufeto ya cire suruki daga zargi, ya bar shi da cika bakinsa.

Inda tagullar take a da, ramuka huɗu ne tsaf, suna ƙyallin mai. Fenti ko ƙwarzane babu. Ɓarawo mai sauri da ɓanɓarewa zai yi.

"Mai Fenti, kawo sukudirebanka."

Sufeto ya gwada shi a kan wata kusa da ke gefe. Bakinsa ya yi kauri, bai shiga tsagar ba.

"Ni da kusoshin nan, Yallaɓai?" in ji Mai Fenti. "Ko kallonsu ka yi, Gwani sai ya ce ka sa musu tsatsa."

"Baba Gwani, yaushe rabonka da wajen nan?"

"Mako guda ke nan."

Sufeto ya zagaya garejin, hannu a baya. A bango an rataye kwalaye birjik, kowanne da tsofaffin kusoshi a soke da zane a gefensu.

"Wannan fa?"

"Ƙa'idata ce. Kusar da ta fito daga rami, raminta take komawa, ba na 'yar'uwarta ba."

A can ƙarshe akwai wani sabon kwali. Kusoshi huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Sufeto ya dangwala yatsa. Man bai bushe ba.

"Baba, na kama ɓarayi da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya adana wa mai kaya kusoshinsa ba."

Gwani ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro tagullar, naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Hannu ne ya riga ni tunani," ya ce. "Shekara bakwai, Yallaɓai. Ko ƙofar gida ban taɓa fita da ita ba, a ce jibi sai jirgi? Na ce in babu lamba, babu mai saye."

"Haba Gwani!" in ji Gwaggo. "Da Mai Fenti ne zai kwana a caji ofis?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ciro ankwa, Sufeto ya yi masa ido ya mayar. Suruki kuwa har ya ɗauko sukudireban Mai Fenti zai ɗaura tagullar.

"Kai, ajiye!" Gwani ya daka masa tsawa. Ya dubi Sufeto. "Minti biyar, Yallaɓai."

Sufeto ya jingina da bango ya jira. Gwani ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya, kowacce raminta, ya goge wajen da hannun riga, sannan ya shige gaba suka bi shi zuwa caji ofis.