Ranar da Gajere Ya Tafi Shuka

"Gidaɗo, wai wurina kake zuwa ko wurin Baba?"

Mufida ta tsare shi da ido. Wata huɗu ke nan yana ƙona mai daga Bakura zuwa Talata Mafara da sunan zance, amma rabin hirar duk a kan Taurarin Gulbi take ƙarewa, ƙungiyar masu jitar lantarki da mahaifinta Balarabe ya jagoranta tun ba a haife ta ba. Wa ke waƙa? Me ya raba su? Saurayi sai ka ce ɗan jarida! Zargi ya hana ta sukuni.

"Haba masoyiyata..."

"Kar ka masoyiyata ni! Jiya na ga hoton ƙungiyar cikin wayarka. Ina ka samo shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Mai gangunan nan na hagu, Gajere... mahaihina ne."

A gidan su Mufida ba a ambaton sunan nan. Ranar da mai kamfanin faifai ya zo har Maradun, inda ƙungiyar take, don ya saurare su, ranar ruwan fari ya sauka, sai Gajere ya saɓi fartanya ya tafi shuka abinsa. Suka tsaya ba mai ganga, mutumin ya juya, ƙungiya ta watse.

"Shi ya aiko ka ke nan?"

"Shi ne. Ɓarin jikinai ya shanye, gafarar Baba yake nema. Ranar farko domin gafarar na taho. Wallahi sauran ranakun duk dominki ne."

Ta fashe da kuka, don ta so ta tsane shi ta kasa.

Gyaran murya suka ji. Ashe Balarabe na soro, ya ji komai.

"Ɗan Gajere! Shekara arba'in ina jiran wanga mutum ya buɗe baki. Geron da ya watsa mu dominai, ya yi kyau?"

"Fari sunka cinye shi, Baba."

Sai dariya ta ƙwace wa tsoho har da hawaye. Ya dubi 'yarsa.

"Kina son shi?"

Ta rufe fuska da mayafi, ta gyaɗa kai.

"To tada babur, ka kai ni Bakura. Tunda ba ya iya tahowa neman aure, ni za ni kai mai maganar har gida."