Mai Sikeli da Matan Bola

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma ku tambaya, a zamanina babu direban da ya kai ni. Mota ta faɗa kogi da ni na fito, ƙarfe ya danne ni na tashi na karkaɗe rigata. Na zauna gida ɗaya da kura ba ta samu ko yatsana ba. Kurar da nake nufi shi ne maigidana, wanda kowa ke kira Mai Sikeli. Waɗanda suka ci arzikinsa, wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu suna kan titi suna hira da iska. Ni na rage da hankalina, don haka ku saurara.

Mai Sikeli yana da 'yar rumfa a bakin bolar gari, inda yake sayen tsohon ƙarfe da kwalabe da robobi a hannun matan da ke tonon shara. Sikeli ɗaya a rataye, benci ɗaya, sai tsohuwar motar kaya da nake tuƙa masa. Matan nan duniya ce ta tofar da su: wadda miji ya kora, wadda ciwo ya nakasa, wadda ta baro garinsu da abin kunya. Ba mai sanin sunansu na yanka. Akwai Doguwa, akwai Mai Tari, akwai Uwar Biyu, akwai Kurma. Kurma ita ce mutuniyata. In na fara ba da labarin jarumtata sai ta haɗa yatsunta tana buɗewa tana rufewa kamar bakin agwagwa, mata su fashe da dariya. Ita da ba ta ji ma ta gaji da bakina.

Maigida yana da matar kirki da yara masu lafiya, amma idonsa na kan manyan dillalai masu tirela. Wata rana ya ce, "Direba, ni a kan shara zan mutu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai katifa ma ramin da za a sa shi bai fi naka faɗi ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in tayar da mota.

Muka fita bayan gari da tsakar rana har wani tsohon wurin fasa dutse da aka daina aiki. A can ƙasan ramin akwai ɗaki da aka sassaƙa a jikin dutse, an rufa masa tsatsattsen kwano. Waje rana na ƙona ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar kabari. Wari irin na mayankar da ba a wanke ba. Tukwane a kife, an ɗaure kowacce da jan ƙyalle. Daga rufi zaruruwa ne ke lilo, a bakin kowane zare ƙullin gashin mutum. A tsakiyar ɗakin rijiya ce, ba guga ba igiya, ƙudaje sun baƙanta bakinta amma ba ka jin ƙararsu. Ashe wurin boka muka zo.

Bokan ɗan ƙaramin mutum ne tsaf-tsaf, farcensa a yanke, muryarsa kamar ta yaro. Ya dubi maigida ya ce, "Arziki kake so, ko ka gaji da talauci ne kawai? Ba ɗaya ba ne."

"Arziki."

"To rijiya tana son rai wanda ba mai cigiyarsa."

Sai ya juyo ya kalle ni ya ce, "Wannan bakinsa ya yi yawa, ya fita." Na fita ina cewa a raina ai kare ko ɓatacciyar akuya ba wuya. Sauran maganar daga bakin maigida na ji ta, bayan shekaru, lokacin da ya koma yana faɗa wa kowa har bango.

Maigida ya ce wa boka, "Dabba?"

"In arzikin dabba kake so."

Maigida ya leƙa rijiyar. Can ya ce, "Ban da nawa. Ban da matata da 'ya'yana."

"Wa ya ambaci naka? Mace nake so, wadda in ta ɓace ba wanda zai ɗaga kai ya ce ina take. Duk shekara ɗaya. Amma ka zaɓa da kyau. In ka kawo wadda ake nema, rijiya ba ta karɓa a matsayin biya, za ta miƙa hannu ta ɗauki wani da kanta."

"A ina?"

"Inda ya fi mata kusa."

Maigida ya yi murmushi, don yana ganin Allah ya ajiye masa garke guda a ƙofar rumfarsa. Boka ya tsaga masa tafin hannu, ya ɗiga jinin a rijiya. Wai sun daɗe suna saurare ba su ji saukarsa ba.

Kafin shekara ta zagayo, rumfa ta zama fili mai katanga. Kamfanoni suka dinga layi a kan ƙarfensa, ya sayi tireloli, ya gina gidan bene mai baƙar ƙofa. A bayan gidan ya yi wani ɗaki na kwano, ya ce masaukin bayin Allah ne. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Ga yadda yake yi. In mace ta sauke kaya a kan sikeli, sai ya tausasa murya. "Baiwar Allah, wa kike da shi a garin nan? Miji? Ɗan'uwa? Uba?" In ta ce babu, sai ya ce ta zo ta huta a gidansa, akwai aikin shara mai sauƙi. Ya ajiye ta 'yan kwanaki yana kallon ƙofa. In ba namijin da ya zo sallama, sai ya ɗauke ta a ƙaramar motarsa, shi da kansa yake tuƙi, ya ce ya samo mata aiki a wani gari. Haka Mai Tari ta tafi. Haka wata 'yar siririya mai ɗingishi ta tafi. Haka Uwar Biyu, wadda biyun nata suka riga ta mutuwa.

Amma duk tafiyar mace, sai an yi makoki a gidan bene. Babban ɗansa ya faɗi a tsakar gida yana cewa ana jan ƙafarsa, kafin a kai asibiti ya cika. Shekara ta gaba 'yar autarsa aka tarar a kife cikin bahon wanki, ruwan bai kai idon sawu ba. Uwargida ta daina magana, sai ta zauna a matakala tana ɗaure gashinta da zare ƙulli-ƙulli. Maigadi ya wayi gari yana haushi kamar kare. Dukiya kuwa sai ƙaruwa take.

Maigida ya koma wurin boka yana huci. "Na kiyaye sharaɗi. Ko ɗaya ba wanda ya zo nemanta."

Boka yana gyaran farce ya ce, "Ƙofarka ce kaɗai ƙofa a duniya?"

"To wa ke neman 'yar bola?"

"Ni na sani? Ka ƙara zaɓa da kyau. Saura ɗa ɗaya gare ka."

Ya dawo ya zauna yana tunani, sai idonsa ya faɗa kan Kurma. Ba ta ji, ba ta magana, ba wanda ya san inda ta fito. Ya ce a ransa wannan ko ita kanta ba za ta iya cigiyar kanta ba.

Ranar da na shiga bola ɗaukar kaya, na hangi Doguwa tsaye a rana kusa da ƙaton buhunta, tana waige-waige. Na ce, "Doguwa, miji kike jira? Ni dai an riga ki."

Ta ce, "Baba Direba, bar wasa. Kurma ba ta zo ba, jiya ma haka. Wa zai ɗora mini?"

To ga abin da maigida bai taɓa sani ba, don shi a bakin sikeli yake zaune, ɗaya-ɗaya yake ganinsu suna isowa. Buhun ƙarfe ba ya hawa kai da hannun mutum ɗaya. Kowace mace a bolar nan tana da abokiyar ɗauka: ki ɗora mini, in ɗora miki. In ɗaya ba ta zo ba, ɗayar ba ta cin abinci ranar. Kafin la'asar an san wadda ta ɓace.

Sauran mata suka kewaye mu. Wata tsohuwa ta ce ita ce mai ɗora wa Mai Tari, ta zagaya asibiti da tasha har takalminta ya tsinke. Wata ta ce har yau in ta ga mai ɗingishi a hanya sai ta sha gabanta ta duba fuska. Na ce me ya hana ku tambayi maigida? Suka ce, "Mu? Da wannan warin? Maigadi ko inuwar katanga ba ya barinmu mu tsaya."

Nan maganar bokan nan ta dawo mini, rai wanda ba mai cigiyarsa. Na haɗa ta da makokin gidan bene. Wani da sai ya gudu. Ni cewa na yi, "Ku hau mota."

Na cika bayan mota da mata, na doshi gidan. Ban tsaya sallama ba, na sa gaban mota na ture baƙar ƙofar. Maigida yana tsakar gida, ya buɗe bayan ƙaramar motarsa, ya shimfiɗa leda a ciki, ga igiya a hannunsa.

Ya ce a hankali, "Direba, ka haukace ne?"

"Cigiya muka zo, ranka ya daɗe."

Fuskarsa ta koma kamar toka. "Ta wa?"

Doguwa ta diro ta ce, "Kurma."

"Ta tafi tun jiya. Na samo mata aiki."

"To igiyar fa, albashinta ne?" in ji ni.

Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Ka kwashe su ku fita, tirela ɗaya taka ce. Ɗa ɗaya ya rage mini, Direba. Ka san yaron, kai ka koya masa riƙe sitiyari."

Na ce, "Na san shi. Ita ma na san ta."

Ɗakin kwanon yana kulle da ƙaton kwaɗo. Mata suka yi ta kira, shiru, to wa zai ji? Sai Doguwa ta ɗauki guntun rodi ta maka wa bangon kwanon, yadda suke dukan ganga a bola in suna son Kurma ta juyo, don tana jin girgiza a jikinta. Muka kasa kunne. Maigida ya fara murmushi. Can sai muka ji an buga daga ciki.

Duka ɗaya na yi wa kwaɗon. Ga Kurma a ɗaure, an aske mata gefen kai.

Matan ba su taɓa shi ba. Tsayawa suka yi suka zagaye shi, kowacce tana tambayar tata. Ina Mai Tari? Ina Uwar Biyu? Ina mai ɗingishi? Ya toshe kunnuwa, ya durƙusa, ya fara ba su amsa ɗaya bayan ɗaya, da ranar da ya kai kowacce da abin da ta ce masa a hanya. Bai sake yin shiru ba har 'yan sanda suka zo, bai kuma yi ba har ya mutu a tsare.

Da aka je ramin dutse, boka ya yi ɓatan dabo. Abin da aka fitar daga rijiyar ya fi abin da maigida ya lissafa yawa, don ba shi kaɗai ke zuwa ba. Ɗan da ya rage bai mutu ba, amma tun ranar bai sake gane kowa ba. Dangin uwar suka kwashe su, shi da ita. Tirelolin suka ruɓe a tsaye, gidan bene ko kyauta ba mai so, jemagu ne a ciki.

Kurma ta rayu har ta yi furfura, tana yi mini bakin agwagwa har ƙarshen ranta.

Ku masu ƙuruciya da zuciyarku ke tafasa in kun ga motar wani, ku ji daga bakin wanda ya shiga ɗakin ya fito. Boka ba ya sayar da arziki, tarko yake sayarwa, kuma ya san sharaɗin da ya ba ka ba ya cikuwa. Babu ɗan Adam ɗin da aka yar har ba mai nemansa. Duk wanda ka raina ka ce ba shi da kowa, akwai mai tsaye a rana yana jiransa, kuma Allah yana jin wannan mai jiran. Ka ci guminka ko kaɗan ne. In kwaɗayi ya kai ka bakin rijiyar nan, da 'ya'yanka za ka cike ta, kuma ba za ta cika ba.