Ɗan Masunci da Lambar Zinariya

A can wani zamani an yi wani ɗan masunci da ya shekara goma yana tuƙin kwale-kwale, don ya ci tseren Olamfik. A tseren nan matuƙi yana juya baya ne ga inda za shi. Ran gasa ya wuce kowa, sai ya hango mai bin sa ya kife, bai taso ba. Ya juya, ya tsamo shi. Wani ya ɗauke lambar zinariya. Kafin wata gasar, ƙarfinsa ya ƙare.

Ya dawo gida, ya tarar babansa ya makance. Tsohon ya shafa ƙirjin ɗansa, ya ce, "Ina lambar?"

"Baba, mutum ne ya faɗa ruwa."

"Ya rayu?"

"Ya rayu."

"To, zauna ka ci tuwo."